Wayar Saman Tankin Orozo

Tun da aka koma makaranta Zainab da Blessing suke tambayata ina na je a hutu. In na ce Orozo sai su ce ai wannan ba tafiya ba ce, tunda ko Abuja ban fita ba. Washegari kuma su sake tambaya me na gani a can. Ni ba na iya ba da labari da baki. Da mutum biyu sun zuba mini ido sai maganar ta tsaya mini a wuya. Shi ya sa na rubuta. In kun gama ku miƙa wa Halima, kuma kada a naɗe mini takardar.

Umma ta tafi Zariya jinyar kakarmu tare da ƙannena biyu, aka bar ni da Abba a gidanmu na Karmo. Abba ma'aikacin wuta ne, amma ba irin masu sa ƙwan fitila a gidaje ba. Aikinsa na'urorin masana'antu, waɗanda suke auna ruwa ko zafi su aika da saƙo ɗakin da ake lura da injuna. Ya daɗe yana yi wa wani kamfani aiki, bara ya bari ya tsaya da ƙafarsa. Babban aikin da ya fara samu shi ne na wata masana'antar ruwan gora a bayan Orozo.

Wata guda da gama aikin manajan wurin ya kira shi. Wayar Abba tana da ƙara, ni kuma ina wanke-wanke kusa da shi, don haka na ji komai. Manajan ya ce kayan da Abba ya sa musu jabu ne, tanki sai ambaliya yake yi. Ko dai ya zo ya gyara kafin azahar ɗin Asabar, ko a kira wani daga Legas ya ɓalle komai, kuma aikin sabon layi da aka yi masa alkawari ya cire rai da shi. Abba ya ce "To, Oga" sau biyar. Da ya ajiye wayar sai ya ce in haɗa kayan kwana uku, don ba wanda zai bar ni wurinsa.

Mun fita ranar Alhamis da safe. Abba ya rataya jakar kayan aiki, ni aka ba ni kwali in riƙe. A ciki akwai abubuwa shida da ake kira aisoleta, kowace siririya kamar yankan burodi, koriya, da ƙananan ramukan sa waya sama da ƙasa. Akwai kuma wani ɗan akwatin ƙarfe mai nauyi da ke mayar da wutar gari ta zama 'yar kaɗan, daidai cikin na'urorin. A tashar Jabi direba ya so ya jefa kwalin a but ƙarƙashin buhun albasa. Abba ya ce sai dai shi Abban a sa shi a but ɗin, kwalin ya zauna a kujera. Ƙarshe kwalin ya zauna a cinyata.

Wata mata mai daron busasshen kifi da ke gefena ta tambayi Abba ko magani ne a ciki. Da ma Abba jira yake a tambaye shi. Ya ce mata na'urar da ke saman tanki tana da saƙo, injin da ke ɗaki yana son saƙon, amma in wayoyinsu suka haɗu kai tsaye duk hayaniyar wutar masana'anta sai ta bi ta shiga. Aisoleta ce ke zama tsakani, ta karɓi saƙo nan ta miƙa can, ɓangarorin biyu ba su taɓa juna ba.

"Kamar surukai ke nan," in ji matar.

Abba ya ce kusan haka. Ya ci gaba da bayanin ɗan akwatin ƙarfen, amma kafin mu kai Nyanya ta yi barci, kanta a kafaɗata, kifin a ƙafata.

A Nyanya muka canza mota. Wajen sauka wani ya take mini silifas, igiyar ta tsinke. Abba ya durƙusa a bakin titi ya naɗe ta da salatif ɗinsa na aiki. Kowa baƙin salatif yake amfani da shi, Abba shuɗi. Kuma in ya gama naɗi sai ya lanƙwasa bakin ya yi masa ɗan kunne, wai don mai warwarewa kada ya sha wuya. Haka na shiga mota ta biyu da silifas mai kunne. Mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Bayan mun wuce Kurudu gidaje suka fara raguwa, gonakin doya suka fara yawa. Abba ya nuna mini wasu gidaje can nesa ya ce daga can jihar Nasarawa ce. Na duba sosai. Babu tuta, babu igiya, awakinsu ma irin namu ne.

Iyaka ta gaskiya tana ƙofar masana'antar. Maigadi ya buɗe babban littafi ya rubuta sunan Abba da lokacin zuwansa da abin da ya kawo shi. Ya buɗe kwalin ya ɗaga aisoleta ɗaya ya girgiza ta kusa da kunnensa. Da bai ji komai ba ya mayar. Sannan ya dube ni ya ce yara ba sa shiga. Abba ya ce ba ni da inda zan tsaya. Suka daɗe suna magana, aka daidaita a kan zan zauna a benci ƙarƙashin mangwaron da ke jikin ɗakin gadi, amma sai na sa hular kwano. Hular ta rufe mini har gira. Na tambayi kaina me zai faɗo mini a ka ban da mangwaro.

Daga bencin ana ganin tankin sosai. Dogo ne, fari, da tsanin ƙarfe a jikinsa, da wani ɗan akwati a can ƙoli inda na'urar awo take. Ƙasan tankin duk taɓo. Agwagin maƙwabta sun haƙa hanya ta ƙarƙashin shinge, suna zaune a gefe kamar masu jiran a buɗe shago.

Wanda ya fito tarbar Abba wani dattijo ne gajere mai furfura, sanye da shuɗiyar rigar aiki da aka goge har da kari. Sunansa Baba Shekwolo, shi ne mai kula da wutar masana'antar tun kafin a sa mata na'urori. Mutumin Orozo ne. Yana kiran Abba Injiniya, Abba yana kiransa Baba. Ya ce batun otal ma bai taso ba, a gidansa za mu sauka.

Da la'asar na ga Abba ya hau tankin. Bai fi minti goma ba ya sauko, ya zo ya zauna kusa da ni yana share gumi. Ya ce ya gano matsalar, kuma laifinsa ne. Wayar da ke kawo saƙo daga tanki tana da wata siririyar raga ta ƙarfe a lulluɓe da ita. Ragar ana ɗaure ta da wayar ƙasa a gefe ɗaya kawai, wato can cikin ɗaki. A saman tanki yanke ta ake yi, a naɗe bakin, a bar ta a sake. In aka ɗaure gefe biyun sai ta zama hanya, da babban injin turo ruwa ya tashi wuta ta bi ta cikinta ta rikita saƙon. Shi kuwa a saman tankin ya tarar da ita ɗaure tamau a jikin noti. Ya ce yana ji kamar ya naɗe ta wancan zuwan, amma ga shi ido ya nuna masa bai yi ba. Yanzu ya kwance ya naɗe. Ya je ya gaya wa manajan an gyara. Manajan ya ce gobe za a gani.

Gidan Baba Shekwolo yana bayan wata majami'a, tafiyar minti ashirin a ƙasa. Matarsa Mama Ladi ta tarbe mu tana dawowa daga gona, da ƙaton ƙunshin itace a kafaɗa, ba a ka ba. Duk matan da na gani a hanyar haka suke yi. Daga baya da ta ga ina kallo ta ce ai kai yana da nasa aikin, tunani yake ɗauka, ba za a ƙara masa itace ba. Na tuna yadda muke ɗauko jarka a ka daga wurin mai ruwa a Karmo.

Su Kirista ne, ƙanen Baba da ke katanga ɗaya da su Musulmi ne. Kafin in buɗe baki Mama Ladi ta kawo mini buta da tabarma ta nuna mini gabas da haɓa. Aka ba ni ɗakin 'yarsu da ke karatu a Keffi. Abincin dare sakwara ce da miyar ganye, an cika kwano kamar na ma'aikatan gini. Da safe ma doya ce, dafaffiya da manja. Mu a gida shayi da burodi ne, in an wadata da ƙwai. Baba ya leƙo ya tambayi matarsa, "Yarinya ya ci?" Ta ce ya ci kaɗan. Aka ƙaro mini.

Abin da na fi kallo a gidan wayoyin wuta ne. A Karmo wayoyi suna lilo daga wannan rufi zuwa wancan, wasu ma ana shanya a kansu. A gidan Baba kowace waya miƙe take kamar an ja da rula, an kafe ta da 'yan ƙusoshi tazara ɗaya. Har akurkin kaji yana da makunni. Kekensa ma haka yake, tsaf. Ba ya yar da komai. A jikin kan keken yana liƙa guntayen salatif da ya ɓare a wurin aiki don wata rana. Baƙaƙe ne duka, sai ɗaya shuɗi da ya ɗan koɗe. Na gan shi, ban kawo komai a raina ba.

Ranar Juma'a Baba ya riga mu fita, don shi kullum kafin kowa yake zuwa ya zagaya. Da muka isa, Abba ya sunkuya yana sa hannu a littafin maigadi, ni kuma ina gyara hula. Na hango Baba yana saukowa daga tsanin tanki a hankali, sukundireba a aljihun ƙirjinsa.

Ƙarfe tara aka tayar da babban injin. Ba a daɗe ba na ji ruwa yana zuba daga saman tanki. Agwagi suka shigo a jere. Manajan ya fito daga ɗakin na'urori, dogon mutum mai tabarau, ya tsaya ya harɗe hannu yana kallon ruwan. Bai yi faɗa ba. Ya ce da Abba cikin Turanci saura kwana ɗaya, ya koma ofis.

Yinin nan Abba bai ci abinci ba. Ya cire aisoleta shida ɗin da ke cikin ɗakin na'urori ya sa waɗanda na riƙo a cinya. Ya canza ɗan akwatin ƙarfen. Ya auna wannan ya auna wancan. Ya je masallaci ya dawo ya sake aunawa. Lambar da ke nuna yawan ruwa ta ci gaba da tsalle duk lokacin da injin ya tashi, ta ce tanki rabi ne alhali ya cika. Saman tanki ne kawai bai sake hawa ba, tunda da hannunsa ya gyara can jiya. Baba yana biye da shi duk inda ya yi, yana riƙe masa tocila, yana kawo masa ruwan sanyi, yana cewa Injiniya ya yi haƙuri, wuta sai a hankali. Sau ɗaya Abba ya zo wucewa ta gaban bencina ya ce ko ina jin yunwa.

Da yamma a gida na fito zan cika buta, na bi ta gefen keken. Shuɗin salatif ya zama biyu. Na biyun sabo ne fil. Dukansu suna da ɗan kunne.

Na tsaya da butar har ruwa ya zubo mini a ƙafa. Na san abin da na gani, abin da ban sani ba shi ne yadda ake faɗarsa. Mutumin nan ya ba mu ɗakin 'yarsa. Tun jiya doyarsa muke ci. Yanzu ma yana zaune a tabarma ɗaya da Abba yana ba shi labarin yadda aka kawo wuta Orozo, Abba yana cewa "Allah sarki" ba tare da ya ji ba. Na kasa cin tuwon. Mama Ladi ta ɗauka yaji ne ya yi yawa, ta dafa mini wata miyar daban, wannan ya ƙara ɓata lamarin.

Sai bayan sallar asuba na iya. Abba yana naɗe tabarma, na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Abba, salatif ɗinka yana kan keken Baba. Guda biyu."

Ya ce wane salatif. Na ce mai kunne. Na ce kuma jiya na ga Baba yana saukowa daga tanki kafin a tayar da inji. Abba ya tsaya da tabarmar a hannu. Ya tambaye ni ko na gaya wa wani, na ce a'a. Ya ce to.

Baba yana hura wa keken iska a tsakar gida. Abba ya gaishe shi har da tambayar kwanan kaji, sannan ya nuna salatif ɗin ya ce kamar ya san su. Baba ya waiga ya tabbatar matarsa ba ta kusa, ya rage murya.

"Injiniya, kada ka damu. Ba wanda ya sani. Ka manta waya ɗaya a sama, ka bar shi a sake. Na ɗaure maka tun wancan wata. Shekaranjiya ka sake mantawa, na sake ɗaurewa. Kai yaro ne, aiki ya yi maka yawa. Ni ba zan faɗa wa Oga ba."

Na zaci Abba zai yi magana mai tsawo irin ta cikin mota. Bai yi ba. Ya ce ya gode da rufin asiri. Sannan ya ce yana roƙon Baba ya zo ya taya shi duba wani abu kafin manaja ya iso.

Maigadin Asabar daban ne, bai damu da yara ba, shi dai a sa hula. Don haka na shiga har ƙofar ɗakin na'urori. Ɗakin sanyi ƙalau, aisoleta a jere cikin akwatin bango kowace da 'yar koriyar fitila. Abba ya zaunar da Baba a gaban allon da ke nuna lambar, ya ba ni wayarsa, ya ari ta maigadi ya hau tanki. Aka tayar da inji. Lambar ta fara tsalle. Ta waya Abba ya ce in gaya wa Baba zai kwance ragar. Na gaya masa. Lambar ta tsaya cak. Ya ce zai ɗaure. Ta koma tsalle. Baba ya ce a sake. Aka sake. Ya ce a ƙara sakewa. Sau huɗu aka yi. A na huɗun Baba ya cire hular kwanonsa ya ɗora a gwiwa.

Da Abba ya sauko Baba ya ce shekara talatin da wani abu yana aikin wuta, maigidan da ya koya masa da filaya yake buga musu yatsu in ya ga waya a sake. Abba ya ce a wutar gida maigidan nan yana da gaskiya, har gobe. Wannan ce kawai ba a ɗaurewa.

Manajan ya iso wajen sha ɗaya. Ya tarar da inji yana aiki, ƙasan tanki ya fara bushewa, agwagi suna tsaye a bakin shinge. Ya kalli lambar ya tambayi me aka samu. Abba ya fara cewa wata 'yar matsala ce a wajen haɗin waya, an shawo kanta.

"Oga, ni ne," in ji Baba. "Kayan Injiniya lafiya yake. Ni na ɗaure abin da ba a ɗaurewa."

Manajan ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambayi Baba wa ya ce ya taɓa. Baba ya ce ba kowa. Ya ce tun da aka gina wurin ba wanda ya taɓa ce masa ya taɓa wani abu, yana dai zagayawa yana taɓawa, shi ya sa har yau gobara ba ta tashi ba. Manajan ya sa aka kashe injin aka sake tayarwa, ya tsaya a kan lambar har tanki ya cika injin ya tsaya da kansa. Sannan ya ce da Abba ya dawo ranar Litinin ta sama ya auna sabon layi. Ya ce da Baba daga yau in ya ga abin da bai yi masa ba a jikin na'urori, ya fara kiran Injiniya. Baba ya ce ya ji. Abba ya fita waje ya sha ruwan gora biyu a tsaye, ɗaya bayan ɗaya.

Bayan azahar muka yi sallama. Mama Ladi ta ɗaure mana doya biyar a buhu, ta ce in na dawo sai na ci abinci kamar mutum. Baba ya ɗora buhun a keke ya raka mu bakin titi. Duk hanya ban iya kallonsa ba, ina bayan Abba da kwalina.

Muna jiran mota ya juyo ya ce, "Ke ne kika gani?" Na ce eh, Baba. Ya gyaɗa kai ya ce idona yana da kyau, sai dai bakina yana da nauyi, da na faɗa tun jiya da Injiniya ya ci abincin rana.

Mota ta tsaya. Abba ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana godiya, ya ce yana fata yanzu Baba ya yarda da maganar wayar. Baba ya ce ya yarda, ai da idonsa ya ga lambar. Ya ce ba zai sake ɗaure ta ba. Amma ya riga ya yanko guntun tiyo, gobe da safe zai hau ya zura mata a kai.

Abba ya ce tiyon ba ya hana komai, amma ba ya ƙara komai.

"Na sani," in ji Baba. "Don kada in riƙa ganinta ne."